Wikipedia: Rumbun Sani Na Kowa Da Kowa, Amma Wa Ke Tsaron Ƙofarsa?

Duk wanda ya taɓa zaman ofis ya san irin ranar nan da maigida zai aiko a ce yana bukatar jawabi kafin a tashi daga aiki, alhali kuwa ko takarda ɗaya ba a bayar da za a dogara da ita ba. Haka kuma ɗalibin da ya taɓa kwana ido biyu saboda aikin da malami ya ce a kawo da safe, ya san wannan ƙunci. A da, sai mutum ya nufi laburare ya yi ta jawo manyan littattafai daga kanta yana kaɗe musu ƙura. Yanzu kuwa sai ya ɗauko waya ya rubuta abin da yake nema, kuma sau da yawa amsar da za ta fara fitowa daga Wikipedia take, watau kundin sanin nan na intanet wanda jama'a ke haɗuwa su rubuta. To, abin da aka kwaso daga can shi ne ke shiga jawabin maigida, da takardar majalisa, da littafin neman digiri. Saboda haka ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: wa ya rubuta abin nan, wa ya duba shi, kuma ina iyakar amincinsa?

Yadda aka faro

Ran 15 ga Janairu, 2001, aka buɗe Wikipedia a ƙasar Amurka. Mutum biyu suka kafa ta, Jimmy Wales da Larry Sanger. Kafin nan sun gwada wani kundin mai suna Nupedia, wanda masana kaɗai ke rubutawa, kuma kowace maƙala sai ta bi matakai bakwai na tantancewa kafin a fito da ita. Wannan tsari ya yi kyau a ido, amma ya yi nawa ƙwarai, don har aka rufe Nupedia a 2003 maƙalun da aka kammala ba su kai talatin ba. Ganin haka sai suka jarraba wata dabara da ake kira wiki, wadda wani masanin kwamfuta, Ward Cunningham, ya fito da ita a 1995. Ma'anar kalmar a harshen mutanen tsibirin Hawayi ita ce sauri, dabarar kuwa ita ce a bar shafi a buɗe, duk wanda ya karanta yana iya gyarawa nan take. Cikin shekara guda sai ga maƙalu wajen dubu ishirin.

Yau ana rubuta Wikipedia cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa, kuma a 2025 ta Ingilishi kaɗai ta haye maƙalu miliyan bakwai. Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a 2003 ba don neman riba ba, ita ke riƙe da injunan da kuɗin gudummawar jama'a, amma ba ita ke rubuta maƙalun ba, ba ta kuma da babban edita da ke sa hannu kafin a buga. Masu rubutun 'yan sa kai ne, ba a biyansu ko kwabo, galibinsu kuma ba a san sunayensu na gaskiya ba. Idan aka tuna cewa kundin Britannica, wanda aka fara bugawa a birnin Edinbara a 1768, ya daina fitowa a takarda a 2012, za a gane irin sauyin da aka samu cikin ɗan lokaci kaɗan.

Dokokin gidan

Mai karatu yana iya cewa, ai gidan da ba shi da ƙofa, kowane kare ma shiga zai yi. Lalle haka ne, ana samun masu ɓarna kullum. Amma jama'ar da ke aikin sun tsara wa kansu ƙa'idodi, kuma uku daga ciki su ne ginshiƙai.

Ta farko ita ce rashin ɗaukar ɓangare. Idan akwai saɓani a kan wani al'amari, aikin maƙala shi ne ta faɗi abin da kowane ɓangare ya ce gwargwadon nauyin da yake da shi a wurin masana, ba ta yanke hukunci ba. Ba kuma za a daidaita ra'ayin mutum biyu da abin da dubban masana suka haɗu a kai ba. Ta biyu ita ce kawo madogara. Duk maganar da ake iya musantawa tilas ne a nuna littafi, ko jarida, ko mujallar ilmi da ta fito daga ciki, ta yadda wani zai iya zuwa ya duba da idonsa. Maganar da ba ta da madogara ana iya yi mata alama cewa tana bukatar hujja, ko a share ta gaba ɗaya. Ta uku ita ce hana sabon bincike. Ko kai ne shaihin malami, ba za ka sa abin da ka gano da kanka ba sai an riga an buga shi a wani wuri amintacce. A taƙaice, Wikipedia kamar shaida take a gaban alƙali, wanda ba a yarda ya ce "ina tsammani" ba, sai dai ya faɗi inda ya samo maganarsa.

Bayan waɗannan akwai ladubban zama tare. An umarci kowa ya kyautata wa ɗan'uwansa zato, ya ɗauka kuskure ne ya yi ba ƙeta ba, sai in an ga akasin haka. Kowace maƙala tana da shafin tattaunawa a bayanta inda ake muhawara a kan abin da za a sa da abin da za a cire, kuma da ƙarfin hujja ake neman daidaitawa, ba da yawan hannu ba. A Wikipedia ta Ingilishi, wanda ya soke gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24, ana iya dakatar da shi. Akwai masu kula waɗanda jama'ar suka zaɓa daga cikinsu, suna da ikon kulle shafi idan rigima ta yi zafi, ko su hana mai ɓarna rubutu. Idan abu ya gagara, akwai kwamitin sasantawa da aka kafa a ƙarshen 2003, wanda ke hukunci a kan halin masu gyara, ba a kan wanda ya fi gaskiya a ilmi ba. Akwai kuma manhajoji masu sintiri dare da rana, waɗanda ke goge zagi da shirme cikin daƙiƙoƙi.

Abin da ma'aikacin gwamnati zai fi saurin ganewa shi ne tarihin shafi. Kamar yadda fayil ke ɗauke da mintin kowane jami'i da sa hannunsa da kwanan wata, haka kowace maƙala ke ajiye duk gyaran da aka taɓa yi mata, da lokacin, da sunan da mai gyaran ke amfani da shi. Bambancin kawai shi ne wannan fayil ba ya ɓata, kuma kowa yana iya buɗe shi ba tare da neman izni ba.

Da aka ɗora a ma'auni

A watan Disamba na 2005 mujallar kimiyya ta Nature ta fito da sakamakon wani gwaji. Ta aika wa masana maƙalun kimiyya daga Wikipedia da Britannica ba tare da ta gaya musu wace ce daga ina ba. A cikin batutuwa 42 da aka auna, an sami manyan kurakurai huɗu a kowane ɓangare. Ƙananan kurakurai da tsallake da maganganu masu ruɗarwa kuwa, an ƙirga 162 a Wikipedia, 123 a Britannica, watau kusan huɗu a kowace maƙala a nan, uku a can. Kamfanin Britannica ya yi ƙorafi mai zafi a 2006 cewa ba a yi gwajin bisa ƙa'ida ba, Nature kuma ta tsaya a kan bakanta. Ko ma dai yaya ne, gwajin ya nuna abu biyu: kundin 'yan sa kai bai yi nisa da na masana yadda ake zato ba, kuma shi kansa na masanan ba wankakke ba ne.

Amma fa a lura, batutuwan kimiyya aka auna, kuma cikin Ingilishi. Asirin Wikipedia shi ne yawan idanu. Shafin da dubban mutane ke karantawa kullum, kuskure ba ya kwana a cikinsa. Shafin da ke can lungu kuwa, na wani ƙauye ko wani sarkin da, ƙarya tana iya shekara goma tana barci ba wanda ya tashe ta.

Inda bango ya tsage

Misalin da ya fi girgiza gidan ya faru a 2005. Wani mutum ya rubuta cewa an taɓa zargin John Seigenthaler, wani dattijon ɗan jarida na Amurka, da hannu a kisan Shugaba John Kennedy da ƙanensa Robert, alhali kuwa shi mataimakin Robert Kennedy ne kuma amininsa. Ƙaryar ta zauna wata huɗu, ta kuma yaɗu zuwa wasu shafukan da ke kwafo daga Wikipedia. Da dattijon ya kai kukansa jaridar USA Today a watan Nuwamba, sai abin ya zama abin kunya a idon duniya. Daga baya wanda ya rubuta ya ce wasa ne yake yi wa abokin aikinsa. Wannan ne ya sa aka hana wanda bai yi rajista ba buɗe sabuwar maƙala a ta Ingilishi, aka kuma tsaurara doka a kan tarihin rayayyu: duk maganar ɓatanci da ba ta da ƙwaƙƙwarar hujja, a cire ta nan take ba sai an yi shawara ba.

A 2007 kuma aka gano cewa wani babban mai kula, wanda ke cewa shi farfesa ne mai digirin digirgir, saurayi ne ɗan shekara 24 wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin takardun da yake ikirari, kuma ya sha amfani da wannan matsayi na ƙarya wajen rinjayar muhawara. Darasin da aka ɗauka shi ne a daina duban wanda ya yi magana, a dubi hujjar da ya kawo.

Akwai wata cuta da ta fi waɗannan haɗari, watau ƙarya ta fita daga Wikipedia ta shiga jarida, sa'an nan ta komo a matsayin hujja. A watan Maris na 2009, da mawaƙin Faransa Maurice Jarre ya rasu, wani ɗalibi a birnin Dublin ya ƙirƙiro wata magana ya jingina masa, don ya gwada 'yan jarida. Masu kula sun cire ta saboda ba ta da madogara, ya sake mayarwa, kuma a ɗan tsakanin nan jaridu da dama, har da Guardian ta Ingila, suka kwasa suka buga. Ba su farga ba sai da ɗalibin da kansa ya sanar da su. Haka nan a 2012 wani ɗalibi a Ingila ya sa sunan abokinsa a matsayin wanda ya ƙirƙiro na'urar gasa burodi ta lantarki. Jaridu da littattafai suka ɗauka, aka dawo ana kafa hujja da su, ba a tona asirin ba sai a 2022, da wani yaro ɗan shekara 15 ya ga hoton da aka sa bai yi kama da na gaske ba. A wannan shekarar ce kuma aka gano cewa wata mata ta shafe wajen shekara goma tana rubuta tarihin ƙarya na tsohuwar Rasha a Wikipedia ta Sinanci, maƙalu fiye da 200, da sarakuna da yaƙe-yaƙen da ba a taɓa yi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wani ramin yana da tsawo.

Sai kuma masu son gyara sunansu. A 2006 an kama ma'aikatan wasu 'yan majalisar Amurka suna share abin da bai yi wa iyayen gidansu daɗi ba. A 2014 aka sa doka cewa duk wanda ake biya don ya yi gyara tilas ya bayyana wanda ke biyansa, amma a 2015 sai da aka rufe asusu 381 na wani gungu da ke karɓar kuɗi a ɓoye. Ya kamata jami'an hulɗa da jama'a na ma'aikatu su san wannan: wanda ya tafi a asirce don ya wanke maigidansa, sawunsa na nan a tarihin shafi har abada, kuma ranar da aka gano, tonon ya fi abin da aka so ɓoyewa muni. Hanyar da aka yarda da ita ita ce mutum ya bayyana matsayinsa a shafin tattaunawa, ya kawo hujja, ya bar wasu su yi gyaran. Gwamnatocin da suka gwada ƙarfi ma ba duka suka ci nasara ba. Turkiyya ta toshe Wikipedia a watan Afrilu na 2017, amma kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce hakan ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka buɗe a Janairun 2020.

Abin da ba a rubuta ba

Kuskure ba a abin da aka rubuta kaɗai yake ba, har da abin da aka bari. Binciken da aka sha yi ya nuna galibin masu gyara maza ne, kuma akasari daga Turai da Amurka ta Arewa. A ta Ingilishi, tarihin mata bai wuce wajen kashi ɗaya cikin biyar na tarihin mutane ba. A 2018 Donna Strickland ta ƙasar Kanada ta sami lambar Nobel a fannin fiziya ba ta da shafi, domin 'yan watanni kafin nan an ƙi karɓar wanda aka rubuta a kanta, wai hujjojin da aka kawo ba su nuna ta shahara ba.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Dokar madogara tana son abin da aka buga, mu kuwa yawancin saninmu yana bakin dattawa, da maroƙa, da masu sana'a, ko kuma cikin rubuce-rubucen ajami da ba a taɓa kai wa maɗaba'a ba. Garin da ya shekara ɗari biyar yana iya rasa shafi, alhali wata 'yar tashar jirgin ƙasa a Turai tana da nata. Maganin wannan ba zagin dokar ba ne, domin ranar da aka yarda da "na ji an ce", ranar kowa zai rubuta wa kakansa sarautar da bai yi ba. Maganin shi ne malamanmu su ƙara himma wajen bugawa, kuma ɗalibai su tono abin da ke jibge a wurare irin su Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da laburaren jami'o'inmu, a fito da shi fili yadda za a iya kafa hujja da shi.

Akwai kuma gargaɗi ga Wikipedia ta Hausa daga abin da ya sami ta harshen Sikot, wanda ake yi a Sikotlan. A 2020 aka gano cewa wani matashi ɗan Amurka, wanda ba ya jin harshen, ya rubuta maƙalu fiye da dubu ishirin a ciki, yana ɗauko Ingilishi yana canja wa kalmomi kama. Ba da mugun nufi ya yi ba, tun yana ɗan shekara 12 ya fara, yana ganin taimako yake yi, amma shekara bakwai ba a sami masu harshen da za su tsawata ba. To, duk wanda ya saba leƙa shafukan Hausa ya san akan ci karo da maƙalar da inji ya fassara aka liƙa ba a duba ba, kalmomi na Hausa, ginin jimla na Turanci, ma'ana kuwa ta tsere. Illar ba ta tsaya nan ba, domin injunan fassara da na ƙirƙirarriyar basira daga irin waɗannan shafuka suke koyon harshe, sa'an nan su dawo mana da gurɓatacciyar Hausar a matsayin daidai. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Maƙala ɗaya mai kyau ta fi ɗari da aka zuba don cika lissafi.

Yadda za a ci moriyarta

Wikipedia da kanta tana faɗa cewa kada a ɗauke ta madogara ta ƙarshe, kuma tun a 2007 sashen tarihi na Kwalejin Middlebury a Amurka ya hana ɗalibansa kafa hujja da ita, ko da yake bai hana su karanta ta ba. Wannan shi ne matsakaicin ra'ayi. Ka fara da ita don ka san fasalin batu, da sunaye, da shekaru. Daga nan ka gangara ƙasan shafi ka dubi madogaran, ka bi su ka gani ko da gaske sun faɗi abin da aka ce sun faɗa, ka kuma tabbata ba daga Wikipedia ɗin su ma suka kwaso ba. Ka lura da alamun gargaɗi da ke saman maƙala. Ka buɗe tarihin shafi: idan mutum ɗaya ne ya rubuta kome, ko kuwa jiya-jiya aka canja adadin da kake nema, ka yi hattara. Adadin jama'a, da kuɗi, da iyakar ƙasa, da duk abin da zai shiga takardar hukuma, a nemo shi daga ofishin da ke da alhakinsa. Maganar magani kuwa, ta likita ce.

In kuma ka ga kuskure, kada ka tsaya ga tsaki. Ƙofar da mai ɓarna ya shiga, ita ce a buɗe gare ka. Malamin makaranta da ya san tarihin garinsu, da jami'in gona, da ma'aikaciyar jinya, da ɗalibin nazarin harshe, kowannensu yana iya gyara jimla ɗaya ya kawo hujjarta cikin minti goma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amincin wannan rumbu gwargwadon yawan masu lura da shi ne, na Hausa kuwa ba wanda zai zo daga wata ƙasa ya lura mana da shi, sai mu masu harshen.